Keken da Ke Bayan Labule

Talata, 4 ga Safar, bayan Azahar

Kwana biyu ke nan Mukhtaru bai kwana a gida ba.

Na rubuta sunan, na tsaya ina kallonsa. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ban taɓa kiransa da bakina ba, sai dai in ce Maigida. Wannan littafin na awon ɗinki ne, na juya shi ta baya, domin in ban sami inda zan zuba abin da ke cikina ba, a gaban Inna, mahaifiyata, zan fashe.

Ta tambaye ni shi da safe. Na ce mata an tura shi Ɗa'if da wasu baƙi. Ta ce, "Allah Ya kai shi lafiya, can ko ba komai akwai sanyi." Na ce amin. Na shafa mata man zaitun a ƙafafun nan da suka daina ɗaukarta tun bara waccan, na fito falo na zauna gaban keken ɗinki. Har aka kira salla ban sa zare a allura ba.

Abin yana nan bayan labule. Ban taɓa shi ba.

Laraba, 5 ga Safar, da hantsi

Yaya Shaima ta zo daga unguwar Tandabawi, ita da 'yarta Shahad. Ita ce babbar yayarsa, ita kaɗai ce kuma a gidansu take da takarda, albarkacin aure. A tsaye muka yi magana a kicin, ƙasa-ƙasa, don kada Inna ta ji.

Ta ce, "Ya Ummu, mai otal ɗin ya ce kamara ta nuna komai. Amma wallahi ba wannan ne ke tsorata ni ba. Da askar, 'yan sandan nan, suka zo kama shi, igama suka fara tambaya."

Ba shi da igama. Bai taɓa samun takardar zama ba. A nan unguwar Mansur aka haife shi, layi uku daga gidan nan, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Babansu ya rasu yana cewa gobe zai gyara, jibi zai gyara. Ni da na zo daga Kazaure ina 'yar shekara goma sha tara, ni ce mai igama ta hannun matar da nake wa ɗinki. Shi da ƙasar nan ta sha cibiyarsa, ba shi da komai.

Yaya Shaima ta ce, "Ina abin yake?"

Ta kalli labulen, ta kalle ni. Ba ta ƙara cewa komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 6 ga Safar, bayan La'asar

Na dafa shinkafa ta mutum uku. Hannuna ne ya auna, ba ni ba.

Juma'a, 7 ga Safar, bayan an sauko masallaci

Yau mako biyu cif da muka kai Inna Harami.

Ina so in rubuta ranar yadda take, kafin abin da ya biyo baya ya gama cinye ta. Tun da sassafe ya goyo ta a bayansa daga hawa na biyu har ƙasa, tana cewa, "A hankali, Muntari, ni ba buhun gero ba ce." Ita ba ta iya cewa Mukhtaru ba, Muntari take cewa irin na gida. Ya zaunar da ita a keken guragun da ya shigo da shi, ya naɗe mata ƙafafu da mayafi. Shekara tara yana tura tsofaffin mutane daga otal ɗin Jarwal zuwa Harami, ya san kowane gangare, ya san inda ake rage gudu. A bene muka yi ɗawafin. Da Ka'aba ta bayyana Inna ta ɗora hannu a baki. Shekara biyu ba ta gan ta ba, alhali daga tagarmu ana jin kiran sallar Harami in iska ta juyo.

A zagaye na huɗu ta ce ya tsaya. Ta kama hannunsa ta ɗora a kanta, ta yi ta yi masa addu'a har mai gadi ya ce mu matsa. Da muka fito ya saya mata ruwan lemo, ta zubar da rabi a zani, muka yi ta dariya su biyu da ni.

Ya ce gobe Asabar zai mayar da keken. Inna ta ce ko za a ƙara kai ta Juma'a mai zuwa. Ya kalle ni. Na kau da kai.

Lahadi, 9 ga Safar, bayan Azahar

Na mayar da shi.

Na naɗe shi, na sauko da shi ni kaɗai, yana bugun ƙaurina a kowace matakala. Mai tasi ya ce, "Hajiya, ina mai keken?" Na ce tana gida. A otal ɗin aka bar ni tsaye kusan awa guda kusa da masu jakunkuna, kafin manajan ya fito. Ba mugun mutum ba ne. Ya duba tambarin otal da ke bayan keken, ya duba tayoyin, har ya lura an wanke su. Na yi masa bayani da Larabcina na kasuwa. Na ce don uwata ne, na ce aro ne, na ce in laifi ne nawa ne.

Ya ce, "Ya ukhti, me ya hana shi tambaya ta? Da na ba shi. Wallahi da na ba shi."

Ya rubuta takardar yafewa nan take, ya sa hannu, ya buga hatimi. Na fara godiya, sai ya ɗaga hannu. Ya ce maganar keke ta mutu, amma maganar igama ba a hannunsa take ba, kuma ba a hannun kowa take ba a cikin wannan ginin.

Da na ba shi. Tun daga Jarwal har Mansur wannan kalmar ce ke bi na.

Litinin, 10 ga Safar, da safe

Bayan labule babu komai yanzu sai tsintsiya. Na fi sau biyar ina leƙawa.

Laraba, 12 ga Safar, bayan La'asar

Ya kira! Da wayar wani, minti uku ko huɗu.

An mai da shi inda ake tara masu jiran tarhil, waɗanda za a mayar ƙasashensu, can bayan gari hanyar Jidda. An ɗauki hoton yatsunsa. Kowa a Mansur ya san ma'anar wannan: wanda aka ɗauki yatsunsa aka fitar, ba ya dawowa.

Ya ce, "Khairi, kina cin abinci?"

Na ce ina ci. Na ce na mayar da keken, an yafe.

Ya ce, "Khalas, kin kyauta. Inna fa?"

Na ce tana zaton yana Ɗa'if. Ya yi dariya, ainihin dariyarsa, ya ce to in ce mata zai kawo mata rumman. Na buɗe baki in faɗi abin da na kwana tara ina shiryawa, sai na ji mai wayar yana cewa ya isa haka.

Ƙasashensu. Wace ce ƙasarsa? Iyayensa suna kwance a maƙabartar Shara'i. Ko Jidda sau uku ya taɓa zuwa.

Asabar, 15 ga Safar, da yamma

Shahad ta zo ta taya ni yi wa Inna wanka. Tana jami'a, tarihi take karanta, Hausarta kuma sai a hankali, kalma ɗaya tamu, biyu na Larabawa. Bayan mun gama muka zauna shan shayi, can ta ce:

"Khala, kin san Ingilishi ma sun yi haka zamanin da? Wanda ya yi sata, ko ƙaramar sata ce, hankici ko ɗan yadi, sai a sa shi a jirgin ruwa a kai shi Ostareliya. Wata da watanni a teku. A ce shekara bakwai ne, amma yawancinsu ba sa dawowa."

Na ce, "Kawunki ba ɓarawo ba ne."

Fuskarta ta yi ja. Ta ce ba haka take nufi ba, wallahi ba haka take nufi ba. Na san ba haka take nufi ba. Na ƙara mata shayi, na ce ta ci gaba.

Ta ce kafin jirgi ya tashi wasunsu sukan sami kwabo, su goge shi har ya yi sumul, su zana sunansu da 'yan kalmomi da ƙusa, su bar wa matansu ko iyayensu. Ta nuna mini hotunan a waya. Ƙananan abubuwa, rubutun a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Ta karanta mini ɗaya ta fassara, wai in kin ga wannan ki tuna da ni.

Na ce, "Matan fa?"

Ta ce wasu sun rubuta wa hukuma suna roƙon a bar su su bi mazansu. An bar wasu, an hana wasu.

Na ce, "Waɗanda ba su roƙa ba fa?"

Ta ce littafin bai faɗi komai a kansu ba.

Lahadi, 16 ga Safar, da hantsi

Tun jiya matan nan nake tunani. Ba waɗanda suka bi ba. Waɗanda suka tsaya a bakin ruwa da kwabo a hannu, suka koma gida don akwai wani a gidan da ba ya iya tashi.

Ni ba sai na roƙi kowa ba. Fasfona yana cikin akwati, gobe in na so in hau jirgi. Amma Inna ba ta da takarda, ba ta da ƙafa, kuma tun ranar da muka sauka a ƙasar nan ta ce ita ta zo ke nan, a nan za a yi mata salla. Shekara ashirin tana faɗa.

Talata, 18 ga Safar, bayan Azahar

Bai kira ba. Rigarsa ta aiki tana rataye, na hana kaina wanke ta.

Alhamis, 20 ga Safar, bayan La'asar

Ya kira. Mutanen ofishin jakadanci sun zo yi musu takardar tafiya, suna tambayar kowa garinsu. Ya ce da aka zo kansa ya rasa abin faɗa. Babansu yakan ambaci wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, amma ko sunan bai riƙe daidai ba, kuma bai san kowa a can ba.

Ya ce, "Sai na ce musu Kazaure."

Na ce, "Kazaure?"

Ya ce, "To wane gari na sani in ba shi ba? Na san dam, na san duwatsu, na san mai ƙosai ta bakin tasha da kika ce tana da haƙorin azurfa. Shekara goma sha ɗaya kina ba ni labari."

Mai ƙosan nan ta yi shekara da shekaru da rasuwa. Ban gaya masa ba.

Da muka gama na kira Yaya Badamasi, wana da ke riƙe da gidanmu a Kazaure. Na yi ta kewaye-kewaye, ya katse ni. Ya ce, "Ummulkhairi, mijinki ne ko ba mijinki ba? To ɗakin Baba yana nan, za a share. Ki turo mini ranar, ni zan je Kano in ɗauko shi." A bayan muryarsa ina jin ruwan sama a kan kwano. Na ce ya ɗan yi shiru in saurara. Ya yi shiru, na saurara.

Zai ga gidanmu kafin ni. Zai sha ruwan rijiyarmu. Ni da nake mafarkin garin nan shekara ashirin ina nan, shi da bai taɓa nemansa ba za a kai shi.

Juma'a, 21 ga Safar, da safe

Zan rubuta, ko na huta.

Ranar Laraba ce, kwana biyu kafin mu kai Inna Harami. Ta yini tana kuka, wai za ta mutu ba ta sake ganin Ɗakin Allah ba. Ya dawo a gajiye, ya zauna yana cire takalmi, ya ce in yi haƙuri zuwa ƙarshen wata ya nemo keke na hannu. Ni kuwa na ce:

"Kai da kake tura iyayen wasu kullum, tawa uwar ce ka kasa turawa."

Ya mayar da takalmin da ya cire. Washegari ya shigo da keken.

Ban tambaye shi inda ya samo ba. Na ga tambarin da idona, ban tambaya ba. Kuma ranar Asabar da ya ce zai mayar, ni na ce ya bari sai an ƙara Juma'a ɗaya.

Shi ke nan. Na rubuta, ban huta ba.

Litinin, 24 ga Safar, bayan Azahar

Ina ba Inna kunu ta kawar da cokalin.

Ta ce, "Ɗa'if ɗin nan, a bayan Sin take?"

Na ce aiki ne ya yi yawa.

Ta ce, "Ummulkhairi, ƙafafuna ne suka mutu, ba kunnena ba. Ina keken?"

Na ajiye kofin. Na gaya mata duka, har da abin da na ce masa. Ta daɗe tana kallon silin. Hawaye yana gangarowa yana shiga kunnenta, na sa gefen mayafi ina sharewa.

Can ta ce, "Ki bi shi."

Na ce, "In bar ki wa wa?"

Ta ce, "Shaima tana nan. Maƙwabta suna nan. Wanda ya kawo ni yana nan."

Na ce Yaya Shaima tana da surukarta a kwance, maƙwabta kuma kowa da abin da ya dame shi. Na ce ba inda za ni.

Ta ce, "To ku sa ni a jirgin, mu tafi duka."

Ta faɗa da ƙarfi, amma hannunta yana riƙe da ƙarfen gado kamar yanzu za a zo ɗaukarta. Na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Inna, sha kununki." Ta sha cokali uku. Ba mu ƙara tayar da maganar ba, kuma mu biyun mun san an gama ta.

Laraba, 26 ga Safar, da yamma

An ce jaka ɗaya za a karɓa. Kwana biyu ina kan keken ɗinki. Na yi masa riguna uku irin na gida da wanduna, don kada ya sauka da farar jallabiya yara su bi shi suna kallo. Ban buƙaci awo ba. A cikin wuyan kowace riga, inda ba mai gani, na ɗinka Khairi da zare shuɗi. Shahad ta gani, ta ci gaba da ninkewa.

Na sa masa man zafi don gwiwarsa, da gahawa, da dabino, da gidan sauro. Na rubuta masa takarda da haruffan Larabci don ya iya karantawa: ya durƙusa in zai gai da Yaya Badamasi ko da ya hana shi, kada ya sha ruwan da ba a tafasa ba sai cikinsa ya saba, in an yi dariyar Hausarsa ya yi dariya tare da su. Na cika shafi biyu da irin wannan. Abin da nake so in ce, layi ɗaya ne a ƙasa, shi ma sau uku ina gogewa.

Asabar, 29 ga Safar, bayan La'asar

Mijin Yaya Shaima ya kai mu a mota. An karɓi jakar a ƙofa, aka rubuta sunansa a jiki. Ba a ganin kowa. Na tsaya ina kallon katangar har Yaya Shaima ta ja hannuna, ta ce rana za ta kayar da ni.

A hanyar dawowa ta ce, "Shi ya kira ni shekaranjiya. Ya ce in gaya miki ko ba ki ce komai ba da zai ɗauko keken." Ban sani ba ko ya faɗa, ko ita ce ta ga ya kamata a ce ya faɗa.

Talata, 3 ga Rabi'ul Awwal, da hantsi

Jirginsu ya tashi da safen nan. Na hau saman gida na shanya kayan da ba su jiƙe ba.

Laraba, 4 ga Rabi'ul Awwal, bayan Magariba

Wayar Yaya Badamasi ba ta shiga. Sau goma sha ɗaya.

Alhamis, 5 ga Rabi'ul Awwal, bayan La'asar

Ya isa. Yana Kazaure, a ɗakin Baba.

Muryarsa ta dishe. Ya ce ruwa aka yi ta yi tun daga Kano, bai taɓa ganin kore haka ba, har idonsa yana ciwo. Ya ce gero ya fi shi tsawo. Ya ce matar Yaya ta yi masa tuwo da miyar kuka, yara sun taru a ƙofa suna jin yadda yake magana. Ya ce ya ga takardar, ya karanta har layin ƙasa, kuma kada in sake rubuta masa irin wannan, babu abin yafewa tsakaninmu. Na ba Inna wayar, ta kasa cewa komai sai Muntari, Muntari.

Na karɓi wayar daga hannunta.

Ya ce, "Khairi, jiya da muka iso na yi alwala, na shimfiɗa darduma, sai na tsaya. Ban san inda zan kalla ba. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa tambayar mutum alƙibla ba. Sai da na fita na ce, Yaya, ina alƙibla? Ya nuna mini bangon da ke wajen rijiya, ya ce nan ne gabas."

Na ce, "To ka yi sallar?"

Ya ce, "Na daɗe ban ɗaga hannu ba. Na ce a raina, ashe Mansur ma ta bayan bangon nan take. Kina can, Inna tana can. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana jira na."

Katin ya ƙare a nan.

Da aka kira La'asar na shimfiɗa tawa dardumar inda na saba. Sai da na tsaya na lura: Mansur yamma take da Harami, ni ma gabas nake kallo. Yana fuskanto ni, ni kuwa baya na ba shi, kuma haka za a yi ta yi sau biyar kowace rana.

Na idar, na yi sallama. Sannan na juya a kan dardumar na kalli yamma, bangon kicin ne kawai da ƙusar da muke rataye faifai. Na zauna a haka har Inna ta kira ni in juya ta.